Dakta Haladu, da wata shida da na yi a gadonsa na asibiti

Da safen nan ina shirin fita aiki 'yarsa ta kira ni. Dakta Haladu ya rasu.

Da yawanku kun san ni a matsayin nas, amma ba ku san ta dalilin wa na zama ba.

Farkon shekarun casa'in, ina budurwa a Gwangwan, muna suyar ƙuli da Innata, kaskon mai ya kife mini daga ƙirji har cinya. Daga asibitin kusa da mu aka wuce da ni birni. Can na faɗa hannunsa. Da ya ji daga inda muka fito ya yi murmushi, ya ce shi ɗan Yammedi ne, ashe maƙwabta aka kawo masa.

Ciwon ya ƙi haɗewa. Na rame har Inna takan juya ni da hannu ɗaya. Ya zaunar da Baffana ya yi masa bayani cewa jikin wanda ya ƙone cin naman kansa yake yi, in ba a ciyar da shi fiye da mai lafiya ba. Ya ce akwai wata allura, irin wadda ake yi wa yaran da girmansu ya tsaya, wani abokin karatunsa ya aiko masa daga waje. Ana sa ran tana taimaka wa fata ta tsiro, amma sai da abinci mai yawa, kuma shi kansa ba shi da tabbas.

Baffa ya ce a yi, da sunan Allah.

Aka zura mini roba ta hanci, ana ɗura madara da ƙwai da kunun gyaɗa. Ni kuwa ko warin gyaɗa na ji sai jikina ya hau ɓari. Sau nawa na fizge robar nan! Bai taɓa yi mini tsawa ba. Ya sa aka koma kunun gero da nono, wanda maƙwabtanmu Fulani suka riƙa aikowa a motar kasuwa. Kullum kafin ya yi mini allura sai ya tambayi Inna abin da ya shiga cikina.

Ranar da na fara cin tuwo da hannuna, ya kira duk nas-nas ɗin wod, wato ɗakin jinyarmu, su zo su gani.

Bayan shekaru, ina makarantar koyon jinya da shi ya nema mini, na zo hutu gida, sai ga shi a kan babur har ƙofarmu. Ya gaya wa Baffa cewa an gano allurar nan tana cutar da wasu masu ciwo mai tsanani, shi ya sa ya zo ya duba ni da idonsa. Ba wanda ya aiko shi, kuma da bai faɗa ba, da ba za mu taɓa sani ba.

Ganina da shi na ƙarshe bayan Sallar layya ne, a gidansa na Ƙaraye. Idonsa ya yi rauni, da murya ya gane ni. Na fara yi masa godiya kamar kullum, ya katse ni.

"Rabi, ke kin tashi. Akwai waɗanda suka kwanta a wod ɗin nan ba su tashi ba."

Ya jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wasu na tuna fuskokinsu. Ya ce in riƙa sa su a addu'a, don shi ya kusa gajiya.

Allah Ya jiƙan Baba Dakta, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Hajiya da yaran haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a, ya haɗa da mutanen nan nasa. Yau ba shi da bakin yi musu addu'ar.