Malam Barau, Sarakunan Turai da Gonar Tsamiya

Tun da Malam Barau ya ajiye aikin koyarwa a Bukkuyum ya dawo Adabka, matarsa Balaraba ba ta sake samun sakat ba. Ya tsinci wani tsohon littafin tarihi, ya duƙufa kan yaƙin da Turawan Ingila da Faransawa suka shafe sama da shekara ɗari suna gwabzawa. A shimfiɗa yaƙi, a bakin masallaci yaƙi. Tuwo ya huce a akushi, shi yana can yana harba kibau a Faransa.

Abin da ke ba shi haushi shi ne mafarin rigimar. Sarkin Ingila ne ya ce gadon sarautar Faransa nasa ne ta wajen uwarsa. Malam ya kan buga cinya ya ce wannan wauta ce tsagwaronta.

Ita kuwa Balaraba takaici ya ishe ta. Ga gonar gindin tsamiya can, mai albarkar dawa, ta koma saura, ciyawa ta cinye ta. Malam ya ce tasa ce ta wajen Innarsa, Nafi'u ɗan kawunsa ya ce sam. Dattawa sun zauna har sun gaji. Babu mai nomawa, babu mai sakarwa, 'yan'uwa sun daina ko gaisawa.

Wata safiya yana tsakar ba ta labarin yadda aka ƙone ƙauyukan manoma, ta ajiye taɓarya.

"Malam, waɗanda sunka fara yaƙin ga, sun ga ƙarshenai?"

"Ina fa! Jikokin jikoki sunka gaje shi. Wasu ma ba su san abin da ya haɗa faɗan ba."

"To. Jiya a kasuwa Sagir ɗinmu ya ci kwalar ɗan Nafi'u, sai da mutane sunka raba. Na ce mi ya yi maka? Ya ce ba komi, shi dai ya tashi ya iske ba a shiri da gidansu."

Malam ya dubi littafin, kunya ta rufe shi. Can ya tambaya a hankali ko Nafi'u yana gida da hantsi.

"Ƙofarshi ba ta tashi daga inda ka baro ta ba," in ji Balaraba, ta miƙo masa hularsa.