Facin Da Aka Raba Bisa Girma

Har yau idan wayata ta ce in sabunta wata manhaja sai raina ya ɓaci, don tana tuna min da sakataren ƙungiyar manoman da na yi wa aiki a Daura.

A shekarun farko na Shari'a ne. Ƙungiyar takan rubuta sunayen manoma kafin damina, ta raba musu taki bisa jerin da aka buga. Kwamfuta uku gare mu: ta sakatare, ta mataimakinsa, sai tawa a bayan labulen da aka rataya don a raba ni da maza. Ni nake shigar da sunaye, in kwashe a faifai in miƙa ta gefen labule, sakatare ya buga jerin ƙarshe a tasa ya sa hannu.

Wani kamfani a Kano ne ya haɗa mana manhajar, lambarta 4.1. Mutumin da ya zo ya sa mana ita ya yi bayani a gaban kowa. In lambar farko ta canza, an sake ginin ne gaba ɗaya. In ta biyu ce, an ƙara wani aiki. In kuwa aka ga ta uku a wutsiya, to faci ne, gyaran wata ɓaraka. Ya ce bi da bi ake sa faci, ɗaya kafin biyu, biyu kafin uku, kuma kowace kwamfuta sai an sa mata dukkansu. Na rubuta a littafina. Sakatare kuwa yana can yana amsa gaisuwar baƙi.

Ana saura makonni kaɗan ruwa ya sauka, direba ya kawo ambulan daga Kano, faifai uku a ciki: 4.1.1, 4.1.2 da 4.1.3. Sakatare ya jera su kan tebur ya raba kamar naman suna. Mai uku ya ɗaukar wa kansa, mai biyu ya ba mataimaki, mai ɗaya aka turo min ta ƙarƙashin labule.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ake yi ba. Kowa sai ya sa ukun, a jere."

Ya ce, "Au, wato ni da ke lambarmu ɗaya ke nan? Yaushe aka haife ki? Kowa ya tsaya matsayinsa."

"Ba zancen girma ba ne, ranka ya daɗe, ga shi nan na rubuta..."

"Malama, ki buga abin da aka ba ki."

Mataimakin ya san gaskiyata sarai, amma ya shiga laluben goro a aljihu. Wallahi shirunsa ya fi ƙona min rai. Bayan kowa ya sa nasa, sakatare ya tattara faifan ya kulle a durowa.

A makon nan kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo a babur daga ƙauyensu ta wajen Sandamu. Duk shekara yakan nemi takinsa da wuri a kasuwar Mai'adua, bai yarda da takarda ba. Ni na hana shi a wannan karon, na ce ya bari, ga 'yarsa a ofis. Na shigar da sunansa yana tsaye, na juyo masa da fuskar kwamfutar. Ba ya karatun boko, sai na kama yatsarsa na ɗora a kan sunan. Ya yi dariya ya ce, "Ashe ga ni nan."

Ranar rabo aka kira suna tun hantsi har la'asar, babu nasa, babu na kowa daga ƙauyensu. Sai daga baya mutumin Kano ya gano cewa faci na biyu ya canza yadda ake ajiye sunayen ƙauyuka. Kwamfutar sakatare ta tsallake shi, don haka duk ƙauyen da ba ta gane ba sai ta watsar da shi shiru. A ranar dai sakatare ya miƙe a gaban jama'a, yana gyara hula, ya ce yarinyar da ke buga kwamfuta ce ta tsallake su. Ina bayan labule ina ji. Kafin a gyara jerin, taki ya ƙare, lokacin zubawa ma ya wuce.

Ina jin haushin sakataren nan har gobe, amma ina jin nawa ma. Na san inda yake rataye makullin durowar. Lokacin da suke fita sallar azahar ya ishe ni in sa wa kowace kwamfuta facinta uku. Tsoron a ce ba ni da kunya ne ya hana ni.

Da kaka na je ƙauyen da littafina, don in nuna wa kawu yadda aka yi. Na tarar da shi a gindin rumbu, dammunan geron da ya jera ba su kai rabin na bara ba. Na buɗe littafin na fara zancen ɗaya da biyu da uku. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ni dai na ga sunana, 'yar nan. Ke kika ɗora yatsata a kai."

Bai yi min faɗa ba. Har ya rasu in na gaishe shi yana amsawa, amma bai ƙara tambayata yaya aiki ba.