Gaisuwar Safe ga Mutanen Dakta Ladi

Aikin farko: duba launin ruwan ƙwayoyi kafin a taɓa komai.

Wannan aikin nake yi ranar Talata da safe, idona a kan madubin ƙara girma, lokacin da Oga, shugaban sashenmu, ya shigo ɗakin gwaji ko farar riga bai sa ba. Ya ce, "Shu'aibu, Dakta Ladi ta rasu." Na yi salati, na zauna. Rashin lafiyarta bai daɗe ba. Ko a safiyar nan sai da na goge kujerarta na mayar da ita kusa da taga, inda take so.

Ni ba masani ba ne. Sakandare na gama, aikina wanke wa Dakta kwalabe da haɗa ruwan abincin ƙwayoyi. Idan na yi kuskure wajen bayanin aikinta, daga gare ni ne. Ƙwayoyin halittar fata take raino cikin 'yan faranti, a wani akwati mai riƙe ɗumi irin na jikin mutum. Ta taɓa dafa wuyanta ta nuna min inda wasu 'yan ƙululai suke, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, ana kiransu parathyroid. Su ke aika saƙo cikin jini don daidaita sinadarin kalsiyam. Abin da ya ja hankalinta shi ne fata ma tana yin nata saƙon mai kama da wancan. Da Hausarta ta garinsu Orozo, wadda ba ruwanta da "ka" ko "ki", takan ce, "Malam Shu'aibu, ki gane, na sama su ne masu surutu, na ƙasa su ne masu kunne." Wato ƙwayoyin saman fata ke fitar da saƙon, na ƙarƙashi ke karɓa, kuma wannan hirar tasu tana da hannu a yadda fata ke girma da yadda gashi ke tsirowa.

Ba ta yarda a ɗiga wa ƙwayoyi komai sai an dube su da kyau. Wannan dubawa ita take kira gaisuwa.

"Ka gaishe da mutanena?"

"Na gaishe su, Dakta."

"Me suka ce?"

"Ruwansu ya fara komawa rawaya."

"Yunwa ke nan. Kai ma haka fuskarka take yi kafin azahar."

Idan ta ɗiga saƙon, ƙwayoyin kuma ba su nuna komai ba, haka take rubutawa, ba ta ƙawata shi. Ranar da cunkoson hanyar Masaka ya tsare ni kuma, sai in tarar ta wanke kwalabe da kanta, kuma ba za ta taɓa ambata ba.

Bayan rasuwarta Oga ya kira ni. Ya ce ana bukatar akwatin ɗumin don wani aiki. Ko dai a daskarar da ƙwayoyin har abokiyar bincikenta ta samu zuwa ta ɗauka, ko a zuba musu bilic ya kashe su a zubar. Ya tambaye ni ko zan iya. Na sha tsayawa a gefenta tana daskarar da su, amma hannuna bai taɓa yi ba, kuma idan na kuskure, aikin shekarunta ya tafi. Na ce ya ba ni lokaci.

Na je Orozo ta'aziyya. Na tarar da mahaifiyarta, tsohuwar manomiya, zaune a tabarma cikin matan cocinsu. Da aka gaya mata ko ni wane ne, sai ta riƙe hannuna.

"Kai ne mai taya ta kiwo?"

"Ni ne, Mama."

"Ta ce min dabbobinta ba sa ganuwa. Na ce wane irin kiwo ne wannan, ba a yanka, ba a kai kasuwa?" Matan suka yi 'yar dariya, ita ma ta yi, sannan ta share ido da bakin zane. "Wa ke ba su abinci yanzu?"

"Ni ne."

"To ɗana, kar ka bari su bi ta."

Washegari na ce wa Oga zan yi. Na gaishe su tukuna. Dakta takan ce, "A kwantar da su a hankali, a tashe su da sauri." Na zuba su cikin 'yan kwalabe, na bi sanyin mataki-mataki kamar yadda take yi, sannan na saukar da 'yan kwalaben cikin tulun sanyin da ake ajiye daskararrun ƙwayoyi. Ban sani ba ko na yi daidai, kuma ba zan sani ba sai an narkar da kwalba ɗaya an gani ko za su farka.

Allah ya jiƙan Dakta Ladi, ya yafe mata kurakuranta, ya saka mata da alherin da ta yi mana. Allah ya ba Mama da mijin Dakta da 'ya'yanta haƙuri, ya tsaya musu a inda ta bari.

Ayyukan gobe:

Wanke akwatin ɗumi a miƙa wa Oga, in roƙa wa ƙwayoyin arziƙin kusurwa ɗaya a ciki.

Tattara kofinta da farar rigarta, a kai Orozo.

Narkar da kwalba ɗaya, da sauri.

Idan sun farka, in gaishe su, in kira Mama.