Ajin Gindin Maina

Shekarun baya, ina aji uku a ƙaramar sakandaren gwamnati a Gashua, ina da wani aboki Kirista. A nan aka haife shi, babansa na sayar da kayan gyaran babur. Hausarsa ta fi tawa, wajen cin kifi kuwa ko ɗan Bade sai ya sara masa.

Duk lokacin darasin addini, malaminmu zai shigo ya ce, "Waɗanda ba nasu ba, a ba mu wuri." Sai abokina ya ɗauki jakarsa ya nufi gindin bishiyar maina, don su ba su da malami. Ni hassada ma nake masa. Muna ciki muna dahuwa kamar ɗanwake, shi yana inuwa yana shan iska kamar ciyaman.

Na ce, "Ɗan gata, ka ji daɗinka."

Ya ce, "Wane daɗi, sakarai? Akwai addini a jarrabawar fita. Me zan rubuta, sunayen ƙadangaru?"

Babansa ya ce in ba a samo malami ba, garinsu zai mai da shi, wajen gwaggonsa. Na hana mahaifina sakat har ya yarda ya raka baban abokina wurin shugaban makaranta. Mu kuwa muka laɓe a bayan taga.

Mahaifina ya ce, "Ranka ya daɗe, makarantar nan ba ta gwamnati ba ce? Gwamnati kuma ba ta kowa ba ce?"

Shugaban ya ce, "Haka ne, Alhaji. Na nemi malami har na gaji. Sun ce yaran ba su da yawa."

Mahaifina ya ce, "To fastonsu ya riƙa zuwa, kyauta."

Shugaban ya rage murya. "In fasto ya shigo nan yau, gobe wa zai tsaya mini a gari? Kai za ka tsaya?"

Mahaifina, wanda rediyo ma ke jira ya gama magana, ya miƙe kawai ya yi sallama.

Kafin jarrabawa abokina ya tafi. A tasha ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Ka gaida min malamina," yana nufin bishiyar. Na ƙyalƙyale da dariya, na koma gida na kasa cin tuwo.

Abin da ke damuna har yau, ban ga mugu ko ɗaya a ofishin nan ba, balle in sami wanda zan tsana. Kowa tsoron wani yake, shi ke nan.

Rannan na bi ta makarantar. Mainar tana nan, ta ƙara inuwa. Ƙanwar abokin nan nawa ce zaune a gindinta, jaka a cinya.