Kwana Taran da Na Hana Kuluwa Romon Gwangwani

Da watan azumin nan da ya wuce matata Kuluwa ta cika shekara shida a ƙasa. Sai bana hannuna ya zauna da alƙalami, domin da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci. Shi ya sa sai yanzu nake rubuta abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Ni ɗan dako ne a bakin iyaka, nan Jibiya, ina ɗora buhunan gyaɗa a manyan motoci. Kuluwa 'yar Riko ce, fura take damawa kusa da shingen kwastan, kuma babu direban da ya taɓa kayar da ita a ba'a.

Shekarar da ta kwanta, damina ta yi gardama, hatsi ya yi wuya, annoba ta share kajin gari har asuba ta daina zuwa da carar zakara. Zazzaɓi ya kama ta, ya sake ta, amma ya bar ta ba ta iya haɗiye tuwo. Kunu ma kurɓa ɗaya take yi ta kau da kai. Awarwaronta ya riƙa zamewa har gwiwar hannu. Malamin asibiti ya duba ta ya ce ciwo ya tafi, rama ce ta rage, a nemo mata romo. Akuyarmu mun sayar tun bazara, naman mahauta ya fi ƙarfina. Na taka har Magama, na taka har Mazanya, ban ga ko ɗan tsako ba.

Wata ranar kasuwa motar wani Bature ta kafe a rairayin gulbi, muka tura ta. Kukunsa, wani Bazabarme, ya ji ina cigiyar kaza, sai ya zaro gwangwani biyu daga akwati.

"Ungo," in ji shi. "Romon kaza ne da kayan lambu. In Nasara ya kwanta, shi ake ɗumama mishi."

Da gudu na nufi gida. A ƙofar gida maƙwabcina Audu ya tare ni, ya juya gwangwanin a hannu.

"Wa ya yanka kazar? Ka ga wuyanta? Mushe za ka ɗura wa baiwar Allah? In ta cika da shi a ciki fa?"

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta ɗaure mini ƙafa. Na tafi wurin limaminmu, aka ce ya ƙetare Maraɗi ta'aziyya. Na'ibinsa ya ce ba zai yanke hukunci a kan abin da bai taɓa gani ba, in dakata, jibi liman na tafe. Na ɗora gwangwanayen a kan tukunya, na zauna jira. Jibi ta zo, liman bai zo ba.

Kuluwa tana kwance tana kallonsu. Rana ta huɗu ta ce, "Malam, kazar nan taka kwanci take yi a ciki? Buɗe mu gani. In mushe ce, ni zan amsa gaban Allah, ba kai ba."

Na ce, "Yi haƙuri, gobe liman na tafe."

"Kai da haƙurinka," ta ce. "Har gobe sai ka sa ta gaji."

Kullum da hantsi ina bakin shinge ina leƙa kowace mota. Kullum in koma in tarar muryarta ta ƙara yin ƙasa. Na san wuƙa na nan cikin kube. Sau biyu na ɗauko ta, sau biyu na mayar.

Rana ta tara liman ya sauko. Ban bar shi ya kai gida ba, na durƙusa a hanya na faɗa masa.

"Subhanallahi!" ya ce. "Yankan ma'abota littafi ne, ya halatta. Kuma ko mushe ne, mai larura an yafe mishi. Tun yaushe suke hannunka?"

Da na faɗa masa, bai yi mini faɗa ba. Sandarsa kawai ya nuna wajen gidana ya ce, "Ruga."

Na huda ɗaya, na ɗumama. Ga 'yan tsokoki farare, ga karas yana yawo a ciki. Na tallabe ta, ta sha cokali uku. "Ba yaji, ba daddawa," ta ce. "Amma da daɗi. Aje mini ɗayan sai gobe." Washegari kafin azahar Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu a aji muna karanta wani ɗan littafi a kan abinci. Ya ce nama da ƙwai da wake su ke gina jiki, ganye kuma ya tsare shi daga ciwo. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya ina gumi. Da aka tashi na wuce wurin malamin asibitin nan, na roƙe shi ya gaya mini gaskiya. Ya ce romon gwangwani yawancinsa ruwa ne da gishiri, naman kaɗan ne, ba zai ƙosar da manomi ba. Amma ga wanda maƙogwaronsa ya rufe, yakan buɗe hanya, kunu ya bi, tuwo ya biyo baya. Na ce to da na ba ta ran farko fa? Ya ce wannan sanin na Allah ne. Na so ya ce mini ba zai yi amfani ba. Bai ce ba.

Da Kuluwa za ta leƙo Jibiya yau, da ta ga gwangwanin kifi da na madara jere a teburin 'yan tireda, mutane na saye ba mai neman liman. Na san dariya za ta yi har ta riƙe ciki, ta ce ashe ni kaɗai aka jarraba. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ko da ido. Wannan ya fi zagi nauyi.

A wancan lokacin, bayan sadakar ukun Kuluwa, Audu ya yi mini sallama, kansa a ƙasa. Matarsa Asabe ta kwanta da irin ciwon, ta daina cin abinci. Bai iya ƙarasa roƙon ba. Na shiga ɗaki na ɗauko rabon da Kuluwa ta ce a ajiye mata, na sa masa a hannu.

Asabe ta tashi. Tana nan da ƙarfinta, ta ƙara haihuwa biyu. Kowace safiya takan wuce ƙofata da tulu a ka, ta rusuna ta ce, "Malam, an tashi lafiya?" Kuluwa ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bari ke nan yana tafiya da ƙafafunsa zuwa rijiya. Nakan amsa gaisuwar, in yi wa Asabe fatan tsawon rai da zuciya ɗaya, sannan in koma zaure in zauna.

Mai karatu, in ka kai nan, ka roƙa wa Kuluwa rahama. Ni kuma ka roƙa mini gafara.