Likitan da Ya Hana Mu Kai Kawu Kano

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Dakta Sa'idu. Tare muka taso a Gwaram. Shi ya zama likita a Birnin Kudu, ni na kama koyarwa.

Sau ɗaya muka taɓa ɓatawa, a kan kawuna Malam Haladu na Basirka. An gano yana da ciwon daji, mu dangi muka ƙudurta kai shi Kano a fara masa maganin nan mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya. Sa'idu ya karanta takardun gwaji, ya ja kujera kusa da Kawu.

"Baba, da kanka kake alwala?"

"Zuba mini ruwa ake yi."

"Salla fa, a tsaye?"

"Tun shuka a zaune nake yi. A kwance nake yini."

Da muka fito ya ce jikin Kawu ba zai ɗauki maganin ba, zai kayar da shi tun kafin ya taɓa cutar. Na ce, "Wato ka fid da rai da shi?" Ya ce, "A'a, Isa. Wahala ce ba zan ƙara masa ba." Raina ya ƙara ɓaci da na ji a makon nan ya tura wata tsohuwa daga Zandam, wadda ta girmi Kawu, Kano a fara mata maganin. Ashe ita har lokacin tana tatsar shanunta, tana zuwa kasuwa da ƙafarta. Wata guda ban yi masa magana ba.

Shi kuwa duk Asabar sai ya hau babur zuwa Basirka da maganin rage zafi. Kawu ya yi wata biyar a ɗakinsa cikin hayyacinsa, ya ga geronsa ya shigo gida, ya yafe wa kowa, aka yafe masa. A wurin jana'izar Kawu na riƙe hannun Sa'idu.

'Yata mai aikin jinya ta ce yanzu lamba ake ba ƙarfin majiyyaci, a shigar a kwamfuta. Na san da Sa'idu yana raye zai yi murna. Amma sai ya tambaya ko wanda ya rubuta lambar ya zauna ya ji ta bakin mai ciwon.

Babu ginin da ke ɗauke da sunansa. Ya dai bar ma'aikatan da ya horar, waɗanda ba sa yanke magani sai sun ga yadda mutum ke tashi ya taka. Ni kuma har ya rasu ban buɗe baki na ce masa shi ne da gaskiya ba. Yau na faɗa. Allah Ya jiƙanka, Sa'idu.