Irin Kyasuwar Arɗo Sale

Akwai wata Alhamis da har yau ta ƙi fita daga raina. Ranar kasuwar Maigatari ce, a ƙarshen watan Mayu, lokacin ina mataki na takwas a sashen duba iri da tsirrai na bakin iyaka. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ya kamata ku ji wannan.

Da hantsi wata akori-kura ta tsaya a shingenmu da buhu goma sha biyu na irin kyasuwa daga wajen Damagaram. Mai kayan wani dattijo ne, Arɗo Sale, shugaban wasu rugage a yankin Gagarawa. Ya ce garmani ne ya cinye musu makiyaya, ciyawar nan da shanu ba sa ci, kuma inda ta kama ba ta barin wata ta tashi. Tun bayan kaka suke tuge ta da hannu, maza da mata, suna ƙonawa. Yanzu fili ya yi fes, saura watsa iri da ruwan farko.

A ƙa'ida, mai shigo da iri sai ya nemi izini tun kafin ya saya. Sannan ya zo da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya ɗauko, da ta gwajin tsabta, wadda ke nuna nawa ne iri na ainihi, nawa ne ƙaiƙayi da yashi, da ko akwai ƙwayar wata muguwar ciyawa a ciki.

Na ce, "Baba, ina takardun?"

Ya yi dariya. "Ɗana, ciyawa ma tana da takarda? Shanunmu suna cinta can, suna cinta nan."

Na shiga wurin shugabanmu, na ce, "Yallaɓai, ruwa ya kusa, kuma mutanen nan sun sha wahala."

Ya ce, "Ɗebi samfuri ka aika Kano. In ka saki kayan nan wani abu ya fito, sa hannunka za a nema."

Na ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasan kowane buhu, na shafa musu jan fenti, muka kulle a sito. Mako uku muna jira. Kowace Alhamis Arɗo yana zuwa a kan acaɓa, ya gaishe ni, ya zauna a benci. Ruwa ya sauka sau biyu. Ya ce mini mutanensa sun matsa masa ya sayo wani ya biyo ta daji. "Na ce musu a'a. Tun da ta ƙofa na zo, ta ƙofa zan wuce."

Da sakamako ya iso, sai ga ƙwayar garmani gauraye da irin. Hukunci: a mayar ko a ƙona. Na karanta wa Arɗo, ya ce, "Ashe abin da muka tuge shi na je na sayo. To ina zan samu mai tsabta?"

Na kira duk wanda na sani a Gumel da Kano, babu mai shi a lokacin. Aka mayar wa mai sayarwa kayansa a ƙetare.

Bayan mako biyu na shiga kasuwar Sule Tankarkar, sai na ga buhunan nan a rumfar wani ɗan kasuwa, da jan fentina a jiki, ana auna wa mutane da kwano. Ta daji suka dawo. Na rubuta rahoto a ranar. Har na bar aiki a Maigatari ba a ba ni amsa ba.

A watan Satumba na je rugar Arɗo. Garmani ya kai gwiwa, iyakar ganin ido. Ƙwayar da ta rage a cikin ƙasa ce ta tsiro, ba ta tarar da ciyawar da za ta tsare mata gaba ba. 'Ya'yansa biyu sun riga sun kora shanu kudu da iyalansu. Ya sa aka kawo mini nono, ya ce, "Ba laifinka ba ne, ɗana. Amma da na watsa mai dattin nan, da ko rabi mun samu." Na kasa shan nonon.

Da bazara ta zagayo na cike masa takardar neman izini da hannuna, na tafi rugar don ya dangwala. Na tarar da rugar babu kowa, sai turakun maruƙa.

Gwajin bai yi ƙarya ba, shugabana bai yi kuskure ba, kuma ko yau irin nan ya zo gabana ba zan sake shi ba. Abin da na gane kawai shi ne, muna da ikon hanawa, amma ba mu da abin da za mu miƙa wa wanda muka hana. Kuma shingenmu mutum ɗaya yake tarewa, wanda ya zo da ƙafarsa ya tsaya.